Ranar Da Muka Kashe Alhaji Mai Goro

Yau shekara 22 ke nan muna riƙe da alli da jan biro, muna gyara wa 'ya'yan mutane kurakuransu a nan Kumasi. Da mun ɗauka in dai maganar gyara ce, babu sauran wanda zai koya mana wani abu. Ashe da sauranmu. Abin da za mu ba ku labari ya faru ne cikin watan Janairu na 2024, kuma duk wanda ke zaune tsakanin Aboabo da Asawase ya riga ya ji shi, sai dai daga bakin wasu ya ji. To, yau ga shi daga bakin mai laifin.

Kowa ya san cewa a zango malamin makarantar boko shi ne akawun unguwa, ko ya so ko ya ƙi. Sa'ad da muka fara aiki, wasiƙu muke rubuta wa tsofaffi zuwa ga 'ya'yansu da ke Libiya ko Legas, mu cika wa wannan takardar fasfo, mu karanta wa wancan takardar asibiti. Da zamani ya juya sai aikin ya koma cikin waya. Aka ɗora mana sanarwar unguwa: suna, ɗaurin aure, rasuwa, addu'ar bakwai da ta arba'in. Muna sa ta a shafin unguwa na Facebook, kana mu sa ta a zauren WhatsApp, inda 'yan gida suke haɗe da na Akara, da na Tamale, da na Italiya da Jamus da Amurka. Mutane sun yarda da mu har ta kai in ana gardama a kan lokacin jana'iza sai a ce, a duba abin da Ticha ya rubuta.

Muna da dattawa biyu masu suna ɗaya, dukkansu alhazai, dukkansu kakanninsu fataken goro ne da suka zo daga ƙasar Hausa. Sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Don a rarrabe su, ana ce wa ɗaya mai goro, ɗayan kuma mai shanu. Mai shanu ya daɗe yana jinya. Ran nan bayan sallar asuba aka bugo mana waya cewa Allah ya karɓi abinsa, za a yi masa sutura bayan azahar, a kai shi Tafo. Mu kuwa makon aikinmu ne a makaranta, tilas mu riga yara isa. Muna tafe muna sauri wajen shiga mota, jaka a hannu ɗaya, muka rubuta sanarwar da babban yatsa. Daren jiya a zauren mai goro muka yi hira muna cika masa wata takarda, sunansa na nan a kan harshenmu. Shi muka rubuta. Ƙarfe shida da minti ashirin muka aika, muka jefa wayar cikin jaka, muka rufe mata baki kamar yadda dokar makaranta ta ce.

Sai da aka tashi daga taron safe muka duba. Kira ya fi talatin.

Abin da muka yi daga nan shi ne ainihin dalilin wannan rubutu, domin kuskuren farko kowa na iya yinsa. Muka buɗe Facebook, muka danna wurin gyara, muka share “goro” muka sa “shanu”. Kalma ɗaya, ko minti guda ba ta ci ba. A WhatsApp lokacin gyara ya riga ya wuce, saboda haka muka goge saƙon ga kowa da kowa, muka aika da sabo. Muka duba, ga sanarwa tsaf kamar ba a taɓa ta ba. Zuciya ta ce, to ai shi ke nan, wa ya gani? Ba mu ƙara ko da layi ɗaya ba na cewa da farko mun yi kuskure. Muka ɗauki alli muka shiga aji, muka koyar da lissafi har darasi biyu.

A cikin waɗannan mintoci arba'in da biyar ga abin da ya auku, kamar yadda muka tattara daga baya. Alhaji mai goro tun da ya fita asuba bai koma gida ba, daga masallaci ya zarce gidan takwaransa, ƙaramar wayarsa kuwa tana kan tabarma a ɗaki. Hajiya na bakin murhu sai ga mata sun shigo da mayafai suna salati. Ta ce wa? Suka yi shiru suna dubanta. Mijinta ba ya gida, shekarunsa sun haura saba'in, ga mutane a tsakar gida suna kuka. Me za ta ɗauka? Sai da aka yayyafa mata ruwa. Wani jika ne ya ruga ya gano tsohon a zaune cikin masu zaman makoki, yana jan carbi.

'Yarsa da ke aure a Tamale ta ga sanarwar, ta ɗauki goyo ta nufi tasha. Wanta ya kira ta ya ce Baba na nan da ransa. Ta ƙi yarda, kuma ba za mu ga laifinta ba, domin ta san al'adarmu: ba a faɗa wa matafiyi mutuwa kai tsaye, cewa ake jiki ya yi tsanani, a taho. Duk rantsuwar da ya yi mata sai ta ji kamar lallashi ne. Har motarsu ta kai Kintampo tana kuka, kafin a sami wanda ya kai wa tsohon waya ya yi mata magana da bakinsa. Ɗansa da ke Italiya ya bar aiki a tsakiyar yini. Abokan ciniki daga Techiman da Bawku suka fara turo kuɗin ta'aziyya ta waya, wato momo. Duk wannan ana yinsa ne alhali sanarwar da ke shafinmu ta daɗe da zama daidai.

Abin da ba mu lura da shi ba a da shi ne, gyaran yana zaune ne wuri ɗaya, kuskuren kuwa ya riga ya yi ƙafa. Wanda ya karanta da ƙarfe shida da rabi ba ya dawowa ya sake karantawa, kuma Facebook ba ya aika masa da labarin cewa an sauya abin da ya gani. Wanda ya tura saƙon WhatsApp zuwa wani zaure, kwafinsa na can yadda yake, ko an gyara na asali ko an goge shi. Wanda ya ɗauki hoton rubutun kuwa, wannan sai dai haƙuri. Hausawa da suka ce magana zarar bunu ce, ba su ga waya ba suka faɗa.

Yanzu ga inda abin ya yi muni. Akwai wani saurayi, tsohon ɗalibinmu, mai gyaran waya a wajen Kejetia. Shi ne ya fara ɗaukar hoton sanarwar ya tura wa zauren dangin mai goro, da kyakkyawar niyya, don yana da dangantaka da gidan ta wajen uwa. Da ƙura ta lafa aka shiga neman wanda ya ƙaga labarin. Aka je shafin unguwa aka duba, aka ga “mai shanu” a rubuce. Aka duba hoton yaron, aka ga “mai goro”. To wa za a zarga? Ga malami mai furfura a gemu wanda bai taɓa kuskuren sanarwa ba, ga kuma yaro wanda sana'arsa ke nan taɓa cikin waya. Nan take aka yanke hukunci cewa shi ya sauya rubutun don neman suna. Wani kawunsa ya je har rumfarsa ya zage shi gaban abokan aikinsa. Waɗanda kuma suka yi wa mai goro addu'a a ƙarƙashin sanarwar tun da sassafe, addu'o'insu na nan ba su motsa ba, sai masu zuwa daga baya suka dinga yi musu dariya, wai ba su iya karatu ba.

Duk mun ji wannan. Mun je jana'iza, mun ji ana maganar a maƙabarta, muka sunkuyar da kai kamar masu jimami. Kwana biyu muna shiru. Muna gaya wa kanmu cewa maganar za ta mutu da kanta, kuma in muka fito muka faɗa, wa zai sake yarda da sanarwar unguwa? Haka mutum ke yi wa tsoronsa riga ya kira shi maslahar jama'a.

Ran kwana na uku, an tashi makaranta, sai ga yaron a bakin ofishin malamai. Ya rusuna ya gaishe mu kamar yadda ya saba tun yana aji huɗu. Ya fito da wayarsa, ya buɗe sanarwar, ya taɓa ɗigo ukun nan da ke samanta, ya zaɓi tarihin gyara. Ga rubutunmu na farko, ga na biyu, kowanne da lokacinsa. Ya ce, “Ticha, tun ran farko na san yana nan. Ban so in nuna wa kowa ba kafin in nuna muku.” Ba mu taɓa jin nauyin wani mahaluki ba kamar yadda muka ji nauyin wannan yaro. Yana da hujjar da za ta wanke shi cikin daƙiƙa ɗaya, ya sha zagi kwana biyu ya riƙe ta, don kada ya kunyata wanda ya koya masa raba dogon lissafi.

Bayan wannan ne muka zauna muka bi diddigin wannan madanni na gyara, don mu san abin da muke wasa da shi. Ashe su kansu masu kamfanonin sun daɗe suna jan ƙafa a kansa. Facebook ya fara ba da damar gyara sharhi a 2012, sa'an nan gyara ainihin rubutu a 2013, kuma tun daga farko ya haɗa shi da wannan tarihi da kowa ke iya buɗewa. Twitter, wanda aka sauya wa suna zuwa X a 2023, ya yi shekara 16 babu gyara sam. A farkon 2020 shugabansa na lokacin, Jack Dorsey, ya nuna cewa da wuya su taɓa yinsa, kuma ɗaya daga cikin dalilansa shi ne mutum na iya yaɗa maganar wani don ya yarda da ita, daga baya mai maganar ya juya ta. A watan Afrilu na 2022 Elon Musk ya tambayi jama'a ra'ayinsu, mutum fiye da miliyan 4 suka amsa, kusan kashi 74 cikin 100 suka ce suna so. Da aka kawo shi a ƙarshen shekarar, sai aka ba masu biyan kuɗi kawai, aka ce cikin minti 30, kuma kada ya wuce sau 5. A 2023 aka ƙara lokacin zuwa awa ɗaya. WhatsApp, wanda shi ne kasuwarmu ta kullum, sai a watan Mayu na 2023 ya kawo nasa: minti 15, da 'yar alama a gefe mai nuna an gyara, amma ba ya nuna abin da aka rubuta da farko. Saƙon murya kuwa, wanda iyayenmu mata suka fi amfani da shi, ba ya gyaruwa, sai dai a goge a sake.

Mai karatu zai lura cewa kowane kamfani ya sa wa abin takunkumi, ko na lokaci, ko na alama, ko na tarihi. Su da suka ƙera wuƙar sun san tana da kaifi. Mu ne muka ɗauke ta kamar abin goge allo.

Abin haushin shi ne mun san wannan doka tun kafin a haifi Facebook. A kwalejin horon malamai, darasin da aka fi tsananta mana a kai shi ne riƙon rajista. Ba a kankarewa, ba a shafa farin ruwan gyara, ba a yage shafi. In ka sa wa yaro alamar bai zo ba alhali ya zo, sai ka ja layi ɗaya siriri yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, ka rubuta daidai a gefe, ka sa hannu. Malaminmu na wannan fanni, wani dattijo mai gilashi a kan hanci, yakan ce mai duba makarantu ya fi tsoron rajista mai tsabta fiye da mai zane-zane. Mu ma haka muke yi wa yara. In mun ba da aikin gyara, ƙarƙashin kuskuren ake yinsa, kuma yaron da ya yage shafi don ya ɓoye sifili ya san abin da zai biyo baya. Sau nawa muka tsayar da yaro gaban aji saboda wannan? Ga shi mun yage namu shafin gaban unguwa duka.

Kakanninmu ma haka suka yi. Wanda ya taɓa buɗe tsofaffin takardun da ke cikin gafakar malaman zaure, ko waɗanda Jami'ar Gana ta tattara a Legon cikin shekarun 1960, irin na zamanin Alhaji Umaru na Kete Krachi wanda ya rasu a 1934, zai ga yadda masu kwafi ke yi. In kalma ta kuɓuce musu, sai su sa 'yar alama a wurin, su rubuta ta a gefen takarda, su sa wata alamar mai nuna an inganta. Da yawansu kuma sukan rufe da roƙon mai karatu ya yafe abin da ya gani na kuskure. Ko almajiri ba ya wanke allonsa sai malam ya ji karatun ya ba shi izini.

Kada a ce muna ƙin gyara. Wallahi muna sonsa, kuma mu masu rubuta Hausa a waya mun fi kowa bukatarsa. Yawancin wayoyin da ke hannunmu an saita su ne da Turanci, ka rubuta kalmar Hausa su mayar maka da ita wata aba dabam. Ga kuma matsalar haruffa masu ƙugiya. Ka so ka ce baƙi sun iso, ya fita baki sun iso. Ka so ka ce ƙasa, ya fita kasa. Yaranmu da aka haifa a nan, waɗanda Hausarsu ta cakuɗa da Turanci da Tuwi, in sun daure sun yi rubutu da harshen gida aka yi musu dariya, gobe ba za su sake ba. Irin wannan a gyara shi a wuce, babu wanda ke bin wani bashin bayani. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Amma akwai wani iri. Gab da zaɓen Disamba na 2024 mun ga wani ya rubuta addu'ar zaman lafiya ga ƙasa, mutane suka yi ta cewa amin, har da limamai da masu unguwa. Da amin ta taru, sai ya koma ya ƙara layi biyu na yabon jam'iyyarsa da tsine wa ɗayar. Wanda ya zo daga baya sai ya ga dattawan zango duka sun ce amin ga tsinuwa. Wannan satar sa hannu ce, ko da wane suna aka kira ta. A da mukan yi tir da masu yin haka, muna jin mun fi su. Yanzu in muka auna, tazarar da ke tsakaninmu da shi ba ta da yawa: shi ya sa wa mutane maganar da ba su faɗa ba, mu kuma mun mai da masu gaskiya maƙaryata. Abin da muke bi tun daga lokacin shi ne mu tambayi kanmu ko wani ya riga ya taka rubutun ya yi wani abu, ya yi kuka, ko ya hau mota, ko ya tura kuɗi, ko ya ce amin. In haka ne, to rubutun ya fita daga hannunmu, sai dai mu rubuta a samansa cewa an gyara, ga abin da aka gyara, kana mu bi duk inda muka san ya je mu faɗa. Sanarwar rasuwa kuwa ba ma sake rubuta ta a tsaye, kuma sai mun karanta wa wanda ya bugo mana sunan da laƙabin ya amsa.

Ran Jumma'a da la'asar muka ɗauki yaron muka tafi zauren mai goro. Muka tarar da shi da mutane biyar ko shida, ga huhun goro a jingine. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa, muka ce, “Baba, mun zo ne da laifi. Mu muka rubuta, yaron nan bai taɓa kome ba.” Muka faɗi yadda aka yi duka, har da kwana biyun da muka yi shiru, wanda shi ya fi wuyar fita.

Tsohon ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, “Ticha, kashe ni da ka yi bai dame ni ba. Ko ba ka rubuta ba tana tafe. Na ma gode, don na ga waɗanda za su zo da waɗanda ba za su zo ba.” Mutane suka yi dariya, mu ba mu yi ba. Ya sa aka karanto masa addu'o'in da aka rubuta a ƙarƙashin sanarwar ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan wani da ya yi dogon yabo, ya ce marigayi uba ne gare shi, sai Alhaji ya ɗaga hannu ya ce a tsaya. “Wannan shekara huɗu ina binsa kuɗin huhu biyu. Tunda ni ubansa ne, a gaya masa uban ya dawo.” Kuɗin ta'aziyyar da aka turo kuwa ya ce a kira masu shi ɗaya ɗaya, wanda ya yarda a kai gidan takwaransa, wanda bai yarda ba a mayar masa.

Sa'an nan ya juyo ya dubi yaron, ya dube mu, fuskarsa ta sauya. Ya ce, “Amma wannan yaro a kasuwa aka zage shi. Ba a zaurena za ka wanke shi ba.” Muka ce za mu rubuta a shafin unguwa yau ɗin nan. Ya ce, “Rubuta. Amma rubutunka na gani, ana iya sauya shi. In an idar da magariba ka karɓi lasifikar masallaci ka faɗa da bakinka, sau uku, yadda ake shelar rasuwa.”

Haka muka yi. Mun sha tsayawa gaban yara ɗari biyar ba mu ji kome ba, amma ran nan sai da takardar ta yi rawa a hannunmu. Kawun yaron ya je rumfarsa washegari ya ba shi haƙuri, ya kuma bar masa wayarsa ya gyara. Sanarwar unguwa har yanzu mu ke rubutawa, don da muka nemi a ba wani, babu wanda ya karɓa.

Hajiya ce dai har yau ba ta sake ba. In mun gaishe ta a hanya takan amsa da “lafiya” ɗaya tak, ta gyara mayafinta ta wuce. Da azumin da ya wuce mun aika mata da sukari da gero ta hannun maiɗakinmu. Ta karɓa, ta ce a gaya wa Ticha ta gode, kuma in ya tashi rubuta tata, ya daure ya aiko a tambaye ta tukuna.